Waƙar Rabuwa: Daga Rimin Gado Zuwa Burazil

A Rimin Gado, kan hanyar Kano zuwa Gwarzo, waƙa ta fi yawo a waya. Saurayi ya kai wayarsa shagon caji, a tura masa sababbin waƙoƙin Kannywood, ya wuce gona da su. Cikinsu ba a rasa ta wanda masoyi ya juya wa baya. Nura M. Inuwa ya yi suna a wannan fanni, kuma muryarsa mai taushi ta dace da kukan zuci.

Manoman Burazil ma suna da tasu. Kiɗan sertanejo daga karkara ya taso, wajen makiyaya da masu gona, kafin ya mamaye birane. Mawaƙiyar sertanejo Marília Mendonça, 'yar jihar Goiás, ta shahara da waƙar "Infiel", inda mace ke fuskantar mazinacin da ya ci amanarta, ba tare da roƙo ko rarrashi ba. Ta rasu a haɗarin jirgin sama a Nuwamban 2021, tana da shekara 26.

A nan bambancin yake. Mawaƙin Kano yakan ɗora laifin a kan iyaye, ko mai kuɗin da ya yi masa shigar sauri, ko ƙaddara. Saki kuwa, duk da yawansa, ba kasafai yake shiga baiti ba. Marubuta ne suka fi taɓa shi, irin su Balaraba Ramat Yakubu a "Alhaki Kuykuyo Ne". Hukuma ma ta sa baki: a 2012 Hisbar Kano ta fara aurar da zawarawa da kuɗin gwamnati.