Tom Wills

Thomas Wentworth Wills (19 ga Agusta 1835 – 2 ga Mayu 1880) ɗan wasan kurket da ƙwallon ƙafa ne na ƙasar Ostiraliya. Yana cikin mutum huɗu da suka rubuta dokokin farko na ƙwallon ƙafa irin ta Ostiraliya, wadda ake bugawa da hannu da ƙafa.

Farkon rayuwa

An haife shi a yankin Molonglo na New South Wales, kusa da inda birnin Canberra yake a yau. Mahaifinsa, Horatio Wills, mai kiwon tumaki ne. Ya tashi a gonarsu ta Lexington a yammacin Victoria, cikin ƙabilar Djab Wurrung, har ya iya yarensu. A 1850 aka tura shi makarantar Rugby a Ingila, inda ya zama kyaftin ɗin kurket, ya kuma buga irin ƙwallon makarantar. Ya koma gida a ƙarshen 1856, ya jagoranci ƙungiyar kurket ta Victoria.

Kafa wasan

Ba a buga kurket da hunturu, don haka 'yan wasa kan yi watanni a zaune. A ranar 10 ga Yuli 1858, jaridar Bell's Life in Victoria ta buga wasiƙarsa yana kira da a kafa kulob ɗin ƙwallon ƙafa mai dokoki, domin su riƙa motsa jiki. A ranar 7 ga Agusta ya kasance ɗaya daga cikin alƙalan wasa biyu a karawar makarantun Melbourne Grammar da Scotch College.

A ranar 17 ga Mayu 1859, shi da William Hammersley da J. B. Thompson da Thomas Smith suka zauna a otal ɗin Parade, suka rubuta wa kulob ɗin Melbourne dokoki goma. Dokokin sun hana jifa da ƙwallo da shurin ƙaurin abokin hamayya, sun kuma ba duk wanda ya cafe ƙwallon da aka bugo damar bugu ba tare da an tare shi ba. Daga baya Wills ya yi kyaftin a Melbourne da Richmond da Geelong.

Kisan Cullin-la-ringo

A 1861 ya bi mahaifinsa Queensland don kafa sabuwar gona a ƙasar 'yan asalin yankin. A ranar 17 ga Oktoba suka kai hari sansanin, suka kashe mutum 19, har da Horatio. Wills ya tsira saboda an aike shi ɗauko kaya. Turawa da 'yan sanda sun yi ramuwa, suka hallaka 'yan asalin ƙasar masu yawan gaske. A 1866 ya horar da wata ƙungiyar kurket ta 'yan asalin ƙasar, wadda ta je Ingila a 1868 ba tare da shi ba.

Mutuwa da tunawa

Shan giya ya lalata lafiyarsa da sana'arsa. Ya kashe kansa a Heidelberg, kusa da Melbourne, yana da shekara 44, aka binne shi a kabarin da babu suna sai a 1980. A 1996 aka sa shi cikin jerin gwarazan wasan, kuma akwai mutum-mutuminsa a harabar filin MCG. Har yanzu masana tarihi na saɓani kan ko wasan gargajiya na marngrook ya yi tasiri a kansa.