Hannun Wa Ya Yi Wannan Sarƙar?

A watan Disamba, lokacin da 'yan kudancin Kaduna ke dawowa gida daga Abuja da Legas, bukukuwan aure kuma suna bin juna kowace Asabar, ka samu wuri ka tsaya a ƙofar wani gidan biki a Kafanchan ka kalli wuyan mata. Za ka ga sarƙoƙin duwatsu jere uku, jere biyar, jajaye kamar murjani, da 'yan kunne da awarwaro da suka dace da su. Da yawansu a garin aka yi su. 'Yan mata ne, da samari ƙalilan, suka koyi aikin bid, wato jera duwatsun ado, wasu a wajen wata anti a unguwa, wasu a sansanin masu yi wa ƙasa hidima, wasu kuma a waya kawai. Aikin ba laifi: zare ya ɗauru, launi ya hau da anko. Amma ka tara sarƙa goma ka shimfiɗa a tabarma, ko waɗanda suka yi su ba lalle ne kowa ya iya ware tasa ba.

A da sana'ar hannu ba haka take ba. Manomi a Kwoi ko Zonkwa yakan ɗauki fartanya a kasuwa, ya juya ta sau ɗaya, ya faɗi sunan maƙerin da ya ƙera ta. Babu tambari a jikinta, babu rubutu. Yadda aka lanƙwasa wuyanta ne ya faɗa masa, da kaurin bakinta, da inda guduma ta fi sauka. Abin da masu sana'a ke nufi ke nan idan suka ce "hannun wane ne", wanda 'yan boko ke kira salo. Shi ne kuma ke hana mai yin kayan ado barci da zarar ya wuce matakin koyo. Ya iya, ana saye, amma in ya dubi abin da ya yi sai ya ga hoton da ya kwaikwaya a Instagram, bai ga kansa ba.

Shawarar da aka fi ba irin wannan mutum ita ce ya ƙara kallo, ya bi shafukan manyan masu sana'a na Legas da Dubai. A ganina wannan ƙara wa Barno dawaki ne. Ai yawan hangen nesa ne ya jawo masa ciwon tun farko.

Alhali kuwa ƙasar da yake takawa kowace rana tana cikin wuraren da aka fi daɗewa da sanin ado a Afirka ta Yamma. A 1928 masu haƙar kuza a kusa da ƙauyen Nok, a ƙasar Ham, cikin ƙaramar hukumar Jaba ta yau, suka tono wani ɗan kai na gasasshen yumɓu. Ba a ba shi wani muhimmanci ba. A 1943 aka sake tono wani kan a wata mahaƙar kuza kusa da Jama'a. Wani akawun mahaƙar ya ɗauke shi ya kafa a gonarsa ta doya don tsorata masu ɓarna, ya yi kusan shekara a can kafin ya isa hannun Bernard Fagg a Jos. Fagg ya gwada shi da na farko, ya ga kamar gida ɗaya suka fito, ya raɗa wa al'ummar da ta yi su sunan Nok. Shi ne kuma ya buɗe gidan adana kayan tarihi na Jos a 1952. Masu bincike daga Jami'ar Goethe da ke Frankfurt a Jamus, waɗanda suka fara tono a yankin a 2005, sun nuna cewa al'ummar ta fara ne wajen shekara 1500 kafin haihuwar Annabi Isa, mutum-mutumin kuma suka bayyana wajen shekara 900 kafin haihuwarsa. A wuraren da suke ganin kaburbura ne sun samu duwatsun wuya da aka sassaƙa daga dutse, ajiye kusa da tukwane.

Mai yin kayan ado da bai taɓa zama ya ƙura wa waɗannan mutum-mutumi ido ba ya cuci kansa. Ado ne a jikinsu tun daga sama har ƙasa. Duwatsu jere kan jere sun taru a wuya har sun zama kamar gammo, mundaye sun cika damtse da wuyan hannu, ga na ƙugu, ga na idon sawu, ga kitso da aka ɗaure curi-curi. Abin da ya fi ɗaukar hankalina shi ne idanun. Kusan duka iri ɗaya ne, masu kusurwa uku ko rabin da'ira, an huda ƙwayar. Masana na ganin hujin ido da na hanci da na baki sun taimaka wajen fitar da tururi, don kada yumɓun ya fashe a wuta. Wato dabarar tsira daga wuta ce ta koma alamar da duniya ta san su da ita. Duk da wannan ƙa'ida da suka bi ɗaruruwan shekaru, da wuya ka samu kai biyu da suka zama abu guda. Wannan ya ɗaga haɓa, wancan ya dafa gwiwa, wani ya bar gemu siriri. Kowane magini ya tsaya cikin iyakar da ya gada, a cikinta kuma hannunsa ya fito.

Akwai wanda ya tashi a Kafanchan ya gane wannan da wuri. Garin dai jirgin ƙasa ne ya raya shi, tun da ya zama mahaɗar layin Fatakwal da na Kaduna da na Jos a 1927, ya tara Fantswam masu ƙasa da Hausawa da Igbo da Yarabawa wuri guda. Cikin 'ya'yan baƙin akwai Uche Okeke, wanda aka haifa a 1933, asalinsa Nimo a jihar Anambra ta yau, ya yi firamare a St. Peter Claver da ke Kafanchan. Bayan wasu shekaru ya shiga kwalejin fasaha da kimiyya ta Zariya, wadda daga baya ta zama Jami'ar Ahmadu Bello, inda malamai Turawa ke koyar da zane irin na Ingila. A 1958 ne shi da su Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyar ɗaliban zane ta Zariya. Ra'ayinsu shi ne a karɓi dabarar Bature, amma kowa ya koma gida ya nemo abin da zai faɗa da ita. Okeke ya koma ga uli, zanen da matan Igbo ke yi a fata da bangon ɗaki, wanda mahaifiyarsa ta iya. Ya zauna a kan siririn layin nan mai lanƙwasa shekara da shekaru, har ya zama in an ga zanensa ba a tambayar mai shi. A Kafanchan kuma ya fara kafa cibiyarsa ta Asele kafin ya mayar da ita Nimo. Abokinsa Nwoko, wanda shi ma ba ɗan yankin ba ne, Nok ya duba, ya yi mutum-mutumin gasasshen yumɓu da ba wanda zai ce na Nok ne, ba kuma wanda zai ce bai sha ruwan Nok ba.

A nan sai an yi hattara. Ba ana nufin a sassaƙa ɗan kan Nok a rataya a sarƙa a ce an samu salo ba. Kan nan ya riga ya gaji, yana jikin riguna da kalandu da allunan ƙungiyoyi. Wanda ya kwafe shi bai bambanta da wanda ya kwafi sarƙar Dubai ba, kama da wane kuwa ba ta wane. Abin ɗauka shi ne tunanin da ke ƙarƙashi: yadda suka tara nauyi a gindin wuya suka bar ƙirji fili, yadda jere ɗaya ke ɗan fin na samansa girma, yadda huji ke zama ado. Balle kuma a sayi ainihin gutsuren da aka tono. Sayar da kayan tarihi laifi ne a dokar Najeriya, kuma tun 2000 kayan Nok ke cikin jerin da majalisar gidajen tarihi ta duniya ta fitar na abubuwan da ɓarayi suka fi wawashewa. Ramukan da masu tonon dare suka bari a gonakin yankin sun isa shaida.

Ba sai an je can shekara dubu biyu baya ba ma. Wani jami'in mulkin mallaka, A. J. N. Tremearne, da ya yi aiki a Jama'a, ya buga littafi a 1912 a kan mutanen Kagoro da maƙwabtansu, ya sa masa suna na raini da ke kiransu masu wutsiya. Wutsiyar da yake nufi ado ce da matan aure ke ɗaurawa a baya, ana yin ta da zaren kaba a naɗe ta tam, wasu su ƙawata ta da duwatsu da wayar tagulla. Shi abin dariya ya gani. Mai sana'a kuwa naɗi zai gani, ya tambayi yadda aka yi zare ya tsaya ƙyam babu ƙarfe a ciki. Irin wannan ilimi yana nan a akwatunan kakanni a Kagoro da Manchok da Zangon Kataf: tsofaffin mundaye, jigida, wuri da aka ɗinka a fata. A je a gaishe su, a roƙi gani, a kuma tambaya kafin a kwaikwaya, domin wasu kayan na sarauta ne ko na al'adar da ba kowa ke taɓawa ba.

Sai batun abin aiki, inda nake ganin yawancin matasa ke ɓata. Kowa daga buhu ɗaya yake saye, duwatsun roba da na gilashi da ake shigowa da su daga Sin, a raba a Legas da Onitsha da Kano. Buhu ɗaya, hoto ɗaya, ta yaya sarƙa za ta bambanta? A yankin nan ana haƙo zumurrudu a wajen Gwantu, da shuɗin dutsen da mahaƙa ke kira safaya a wajen Nisama, amma ɗanyensu ake fita da su, kuma masu kyan sun fi ƙarfin aljihun mai farawa. Abin da bai fi ƙarfinsa ba yana da yawa. Akwai jan ƙarfen da ake warwarewa daga ƙonannen injin fanka ko janareta. Akwai ƙahon saniya daga mahauta, wanda ke laushi da zafi ya karɓi siffa. Akwai ƙwallon kwakwar manja, baƙi wuluk in an goge shi, da ƙwallon goruba da ke fari kamar haure a ciki, da fasasshiyar ƙwarya, da yumɓun kansa, wanda za a iya mulmulawa a huda a gasa. Abu ɗaya kawai zan ja kunne a kai: idon zakara, jan ƙwayar nan mai ɗigon baƙi da ke jan ido. Guba ce mai kisa in ta fashe ko aka huda ta, kuma yara na kai sarƙa baki.

A zaɓi abu ɗaya ko biyu a zauna a kansu. Maƙeran Buzaye na Agadas azurfa suka riƙe, da zubin kakin zuma, da 'yan layukan da suke zanawa da tsinin ƙarfe, amma har a Faransa an san kurus ɗin Agadas. Masagan Bida kwalba suke narkarwa su fitar da ƙarau da duwatsu. Ba yawan kaya ya fitar da su ba.

Yadda abin ke faruwa a aikace ba shi da wani armashi. Ka ɗauki 'yan kunne guda, a ce da jan ƙarfe da ƙaho, ka yi su sau ashirin, kowane karo ka canza abu ɗaya tak: tsawo, kauri, inda hujin yake. Kada ka sayar, kada ka ɗora a waya. Bayan wata guda ka baje su. Za ka tarar akwai abin da hannunka ke komawa gare shi ba da saninka ba, wataƙila kana barin gefe ɗaya ya fi tsawo, ko ba ka son goge sawun guduma. Sau da yawa abin da malamarka ta riƙa gyara maka ne a matsayin kuskure. Ka duba shi da kyau kafin ka kashe shi. In yana sa sarƙa ta tsinke ko ta yagi wuyan riga, kuskure ne, a gyara. In kuwa bai cutar da komai ba, sai dai bai yi kama da na kowa ba, to ka bar shi ya girma. A kuma ba wata ta sa kayan yini guda, ta je kasuwa da su, ta yi gumi. Ƙarfen banza kan sa kunne ƙaiƙayi, jan ƙarfe kan bar kore a fata in ba a shafe shi ba, maɗaurin da ya yi kyau a hoto kuma kan kama gashi.

Na san abin da za a ce: duk wannan ba ya biyan kuɗin haya. Gaskiya ne. Uwar amarya za ta zo da hoto a waya ta ce, "'Yata, irin wannan sak nake so, guda arba'in, kafin Juma'a." A yi mata, a karɓi kuɗi, ba abin kunya ba ne. Sai dai ko a cikin arba'in ɗin akwai wurin da hoton bai nuna ba, wato bayan wuya, inda sarƙa ke haɗuwa. Yawancin masu sana'a ƙugiyar kasuwa suke saye su maƙala. Wadda ta naɗa tata da wayar ƙarfe, ko ta yi maɓalli da ƙwallon kwakwa, ta riƙa yin sa iri ɗaya a kowace sarƙa, ta fara sa hannu ke nan ba tare da ta saɓa wa mai kaya ba. Daga nan sai ta riƙa ajiye biyu ko uku na ƙirar kanta a gefen tebur, da farashinsu na gaskiya, ba na neman a taimaka ba. Za su daɗe ba a saya ba. Za kuma a kwaikwaye su da zarar sun fara tafiya, wannan ba makawa, amma mai kwaikwayo na bara yake yi, ita kuwa ta riga ta wuce can.

Ranar 1 ga Janairu ake bikin Afan a Kagoro, tafiyar 'yan mintuna daga Kafanchan, Tuk Ham kuma a Kwoi wajen lokacin Ista. Mafarauta da 'yan rawa da tsofaffi kan fito da kayan da ba a ganinsu sauran kwanakin shekara. Kowa waya yake ɗagawa. Mai yin kayan ado ya tafi da ƙaramin littafi da fensir, ya matsa kusa da wata tsohuwa, ya durƙusa ya ce, "Kaka, sannu da hutawa, wannan na hannunki wa ya yi miki shi?" Ya zana yadda aka ɗaure shi ta ciki, ya ƙirga jeren, ya rubuta sunan da ta kira shi da yarenta.