Funfuna a ɗakin haya: mai gida ne zai gyara ko ɗan haya?

Da ruwan watan Agusta ya kankama a Filinge, sai ka ji gardama ta tashi tsakanin masu gidaje da 'yan haya, akasari malaman makaranta da ma'aikatan da aka turo aiki ƙasar Kurfey. Rufi ya yi yoyo, bango ya jiƙe, funfuna ta yi baƙi a lungu, ta kama katifa da buhun hatsi. Mai gida ya ce ɗan haya ne ba ya buɗe taga, ɗan haya ya ce ai ginin ne ya tsufa.

Dokar farar hula da Nijar ta gada daga Faransa ba ta ambaci funfuna ba, amma ta raba nauyin gyara. Ayar doka ta 1720 ta wajabta wa mai gida ya miƙa ɗaki cikin kyakkyawan yanayi, ya kuma ɗauki manyan gyare-gyare muddin ana cikin haya. Kwanon da ya huje, azarar da gara ta ci, bangon da ya tsage, duk nasa ne. Ƙananan gyare-gyare na ɗan haya ne, sai dai aya ta 1755 ta sauke masa su idan tsufan gini ne sanadi, ko wani bala'in da ya fi ƙarfin mutum, irin ambaliyar 2024 da ta shafi mutum sama da miliyan 1 a ƙasar nan.

Saboda haka abin da za a fara bincika shi ne inda ruwan ya biyo. In ta rufi ne, ko daga ƙasa yake tsattsafowa, kamar yadda kan faru a gidajen kwarin Dallol Boso inda ruwa ke kusa, laifin gini ne. In kuwa ɗan haya ya bar indararo ya toshe da shara, ko famfo na ɗiga wata da watanni bai faɗa ba, to aya ta 1732 na iya hawa kansa.

Inda 'yan haya suka fi faɗuwa shi ne ranar shiga. Yawancin hayar da baki ake ƙulla ta, a lokacin rani kuma, sa'ad da kowane rufi ke da lafiya a ido. Aya ta 1731 ta ce in ba a rubuta halin da ɗaki yake ciki ba, ana ɗauka lafiya lau aka karɓe shi. Takarda guda da shaidu biyu, da hotuna a waya, kan ceci kuɗin ajiyar da aka bayar.

Riƙe kuɗin haya don fushi ba dabara ba ce, yana iya ba mai gida hujjar kora. Gara a sanar da shi a rubuce tun ɗigon farko; in ya yi biris, a kai wa mai unguwa ko fadar Sarkin Kurfey don sulhu, kafin a je kotu. Kada kuma a bar yara da masu ciwon fuka su kwana a ɗakin har sai bango ya bushe, domin shafa fenti a kan danshi ɓoye funfuna kawai yake yi.