Tsufan Jirgi Ba a Kalanda Yake Ba

Akwai maganar da ta zauna a zukatan mutane har ta zama kamar ba ta buƙatar hujja: wai jirgin sama in ya tsufa ya zama makara mai fukafukai, kuma duk wanda Allah ya hore wa ƙaramin jirgi na kansa, da zarar shekaru sun ja, abin da ya kamace shi shi ne ya rabu da shi ya sayi sabo. Wanda ya zuba kuɗi a gyaran tsoho, a wurinsu, ko marowaci ne ko mai wasa da rai. Na sha jin haka daga bakin dattawan da nake ganin girmansu, kuma ban taɓa ɗaukar maganar tasu ta jahilci ba. Tsoron yana da asali.

Mutanen Kano ba su manta da ranar 4 ga Mayun 2002 ba, lokacin da jirgin kamfanin EAS ƙirar BAC 1-11 ya faɗa cikin gidajen Gwammaja jim kaɗan bayan tashinsa, aka rasa rayuka fiye da 100. Allah ya jiƙan waɗanda suka rasu. Bayan wannan musiba ne gwamnatin Najeriya ta sa ƙa'idar shekara 22 ga jiragen fasinja, kuma tun daga nan "tsohon jirgi" da "haɗari" suka zama kamar kalma ɗaya a kunnen jama'a, duk da cewa binciken ya fi karkata ga yadda jirgin ya wuce ƙarshen titin tashi kafin ya ɗaga, injinansa suka shaƙi ƙura. A can Hawaii ma, a watan Afrilun 1988, rufin wani Boeing 737 na kamfanin Aloha ya yaye yana sararin sama, bayan ya yi tashi da sauka kusan sau 90,000 cikin shekara 19. Wannan kam gajiyar ƙarfe ce. Saboda haka wanda ya ce tsufa yana kashe jirgi bai yi ƙarya ba.

Inda nake neman afuwar in saɓa shi ne wajen yadda ake ƙirga tsufan, da kuma ɗaukar hukuncin babban jirgin fasinja a ɗora wa ƙaramin jirgi mai kujera huɗu da farfela ɗaya.

Babban jirgi ana cusa masa iska a ciki duk lokacin da ya yi sama, don fasinja su iya numfashi. Gangar jikinsa tana kumbura ta saɓe kamar balan-balan a kowace tafiya, kuma wannan kumburi da saɓewar su ne ke haifar da tsagewa a bakin ƙusoshi. Yawancin ƙananan jirage ba a cusa musu iska, don ba sa hawa can ƙololuwa. Kuma mai jirgin kansa ba kamfani ba ne da ke jigila safe da yamma. In mutum yana tashi awa 100 a shekara, wanda ma ya yi ƙoƙari ke nan, to cikin shekara 50 jirginsa ya yi awa 5,000 kacal. Jirgin fasinja yana cinye wannan cikin ƙasa da shekara biyu.

A dubi abin da ya faru a Daytona Beach ta jihar Florida ranar 4 ga Afrilun 2018. Wani ƙaramin jirgi ƙirar Piper Arrow na wata jami'ar koyar da tuƙi ya tashi da ɗalibi da mai yi masa jarrabawa, fiffikensa na hagu ya ɓalle, dukansu biyu suka mutu. An ƙera jirgin a 2007. Shekararsa 11 ke nan, yaro ɗanye a ma'aunin masu duba kalanda. Amma ya yi awa fiye da 7,600 a sama, ya sauka sama da sau 30,000 a hannun ɗalibai masu koyon sauka, kuma kowace dira tana bugun ƙashin da ke riƙe da fiffike. A filin da ke kusa da shi ba za a rasa jirgin 1970 da ya girme shi da shekara 37 ba, wanda ƙashin fiffikensa bai sha rabin wannan wahala ba. Wanne ne tsoho a cikinsu?

Amurka ce gidan wannan harka, don a nan ne mafi yawan ƙananan jiragen duniya suke, kuma tarihinta yana bayyana dalilin da ya sa gyaran tsoho ya zama al'ada a can. A 1978 masana'antun ƙasar sun fitar da ƙananan jirage kusan 17,800 a shekara guda. Daga nan ƙararrakin neman diyya suka yi musu katutu, kuɗin inshora ya hau, kasuwa ta faɗi, har kamfanin Cessna ya daina ƙera jiragensa masu injin fistan a 1986. Zuwa 1994 abin da ake fitarwa a shekara bai kai 1,000 ba. A shekarar ce Shugaba Bill Clinton ya sa hannu a dokar da ta taƙaita damar kai masana'anta ƙara bayan jirgi ya shekara 18, sannan Cessna ta dawo da aiki. Sakamakon haka, yawancin ƙananan jiragen da ke yawo a sararin Amurka yau haihuwar shekarun 1960 da 1970 ne. Da tsufan kalanda shi ne ke kayar da jirgi, da ruwan jirage ake yi a ƙasar kullum.

Abin da rahotannin haɗari na shekara-shekara suke nunawa daban ne. Mafi rinjayen haɗuran ƙananan jirage daga matuƙi suke fitowa: ya shiga hadari ko hazo bai da horon tuƙi da na'ura, ko mai ya ƙare masa, ko jirgin ya kuɓuce masa wajen sauka. Matsalar inji da kayan jiki kaso ne ƙarami a kan wannan.

Dalili kuwa shi ne jirgi ba a riƙe shi yadda muke riƙe mota. Mu nan mota sai ta tsaya a hanya ake tuna bakanike. Jirgi kuwa doka ta wajabta a kwance shi a bincike shi duk shekara, in kuma na haya ne ko na koyarwa, duk awa 100. Duk ƙusar da aka taɓa sai an rubuta a littafin tarihinsa da sa hannun mai lasisi. In hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Amurka, FAA, ta gano wani lahani a wata ƙira, takan fitar da umarnin dole ga duk mai irin jirgin, kamar yadda ta yi kan fukafukan Piper bayan haɗarin Daytona. Shi kansa injin yana da wa'adi: Lycoming O-320, wanda ke gaban dubban Cessna 172, masana'antarsa ta ba da shawarar a yi masa garambawul bayan awa 2,000. A sauke shi, a wargaza, a auna kowane ƙarfe, a sauya abin da ya ci, ya dawo aiki. Jirgin da aka ƙera a 1975 zai yi wuya a ce injinsa, da tayoyinsa, da bututan mansa, da gilasansa duk na 1975 ne. Sunan ne da gangar jikin suka tsufa.

To me sabon yake da shi da ya sa ake cewa a saya? A nan ne lissafin yake ba ni mamaki. Cessna 172 ta shiga kasuwa a 1956 a kan ƙasa da dala 10,000, kuma an ƙera fiye da 44,000, babu jirgin da ya kai ta yawa a tarihi. Sabuwa a yau ta haura dala 400,000. Wanda ya ajiye ta kusa da ta 1975 zai ga fiffike iri ɗaya a sama, kujera huɗu, gangar alminiyam, gudu kusan kilomita 230 a awa, tsohuwar tana biye da ita ba nisa. Bambancin da ido ke gani yana gaban matuƙi: sabuwar tana da allunan Garmin G1000, waɗanda Cessna ta fara sa wa wannan ƙira tun wajen 2005, tsohuwar kuwa agogo-agogo ne masu allura.

Kuma wannan bambancin ana sayensa daban. Akwai takardar izini da FAA ke bayarwa, wadda ake kira STC, da ke halatta a yi wa jirgi canjin da ba da shi aka haife shi ba. Da ita ake cire tsohon injin mai ƙarfin doki 150 a sa mai 180, daidai da na sabuwar. Da ita ake cire agogon da ke nuna wa matuƙi ko jirgi ya karkata, wanda a da yake dogara da wani famfon iska mai halin mutuwa ba sallama a tsakiyar gajimare, a sa na lantarki mai batirinsa, irin Garmin G5 da aka halatta a 2016. Ana sa na'urar da ke tuƙa jirgi da kanta, mai maɓallin da in matuƙi ya rikice ya danna ta daidaita masa fukafukai. Ana sa na'urar da ke lura da zafin kowace silinda, ta tona asirin matsala tun tana ƙarama. Har laimar da ke sauko da jirgi ɗungurungum, wadda kamfanin Cirrus ya yi suna da ita tun 1998, akwai irinta da ake ɗaura wa tsofaffin 172 da 182. Mafi araha a cikinsu duka, kuma wanda na fi ganin darajarsa, shi ne bel ɗin kafaɗa. Jiragen da aka ƙera kafin tsakiyar 1978 doka ba ta tilasta musu shi ba, kuma mutane da yawa sun mutu a saukar gaggawar da jirgin kansa bai lalace sosai ba, don kawai kai ya bugi allon gaba.

In aka haɗa kuɗin sayen tsohuwa mai lafiyar jiki, da garambawul ɗin inji, da sababbin na'urori, da fenti da kujeru, galibi ba a kai farashin sabuwa ba, da rata mai yawa. Ragowar kuɗin zai sayi mai da horo na shekaru, wato abin da ya fi kare ran matuƙi. A 2010 hukumar binciken haɗura ta Amurka, NTSB, ta kwatanta ƙananan jirage masu allon kwamfuta da masu agogon allura, ba ta ga alamar cewa allon ya ƙara tsaro ba a lokacin da ta duba. Haɗuran masu allon sun fi ƙaranci, amma masu kisa sun fi yawa. Wannan gargaɗi ne ga mai sayen sabo, kuma gargaɗi ne ga mai cika tsoho da alluna yana zaton ya sayi ƙwarewa.

Ba masu ƙananan jirage kaɗai ke wannan lissafi ba. Jirgin DC-3 ya fara tashi a Disambar 1935, amma har yau kamfanin Basler a Oshkosh ta jihar Wisconsin yana ɗauko gangunansa ya sake gina su da injin zamani, ana kai su aiki har Antaktika. Rundunar saman Amurka, wadda ba za a zarge ta da talauci ba, ta ba Rolls-Royce kwangila a 2021 ta sauya injinan B-52, jirgin da aka ƙera na ƙarshensa a 1962. Da tsohuwar zuma ake magani, in ji Hausawa, amma fa sai zumar da aka adana a rufe.

Wannan sharaɗin shi ne inda masu ra'ayin sayen sabo suke da gaskiyar da ba zan ƙwace musu ba. Alminiyam ba ya jan tsatsa irin ta ƙarfe, amma yana rubewa ya zama farin gari, kuma tsofaffin jirage da yawa an fitar da su ba tare da an shafa musu maganin kariya a ciki ba. Jirgin da ya shekara 30 a waje kusa da teku yana iya sheƙi a fenti, cikinsa kuwa ya ci. A watan Mayun 2019 wata Cessna 210 ta rasa fiffike kusa da Mount Isa a Ostareliya, aka gano tsagewar ta faro ne daga wani ɗan ramin da rubewa ta yi a ƙashin da ya haɗa fukafukan biyu. Wanda ya zuba dala 80,000 a na'urori bai fara sa an leƙa cikin fiffike ba, kwaskwarima ya yi, kamar mai shafe bangon da gara ta cinye. Haka nan kuɗin na'ura ba ya dawowa duka ranar sayarwa, kuma jirgi kan yi watanni a rumfar gyara mai shi yana kallon sama. In kuma iyali sun ƙaru ana buƙatar kujera shida, babu takardar izinin da za ta miƙe jirgi mai huɗu.

Sai maganar mai, wadda ta fi shafar wannan yanki namu. Tsofaffin injinan fistan suna shan man jirgi na musamman mai ɗauke da dalma, wanda Amurka ma take ƙoƙarin rabuwa da shi nan da 2030. A Afirka ta Yamma samunsa wahala ne, tsadarsa kuma ba a magana, alhali kananzir ɗin manyan jirage yana kowane babban fili. Wannan na cikin abin da ya sa Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya, wadda aka kafa a 1964, ta koma ga jiragen Diamond masu shan kananzir a madadin tsofaffin Tampico ɗinta. Wannan dalili ne mai ƙarfi na sauya jirgi, kuma ba shi da alaƙa da shekarar haihuwa. Ko a nan ma ƙofar gyara ba ta rufe ba, don akwai injin dizal na Continental mai shan kananzir da aka halatta ɗora shi a kan Cessna 172.

Don haka in aminina ya ce mini jirginsa ya shekara 45 yana tunanin rabuwa da shi, ba zan tambaye shi shekarar ba, tunda ya riga ya faɗa. Zan ce ya kawo littattafan tarihin jirgin mu ga ko akwai shekarun da suka ɓace a ciki, a ina ya kwana duk tsawon rayuwarsa, awa nawa ya yi, a hannun ɗalibai ko a hannun mutum ɗaya. Sannan a nemo injiniyan da ba shi ne ya saba duba shi ba, a buɗe murafun ƙarƙashin fiffike, a zura fitila da madubi.