Layin Dogon Kano Zuwa Nguru da Manoman Karkara

Jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, a 1930 kuma aka kammala reshen da ya bi ta Jogana, Zakirai da Ringim har Nguru. Turawan mulkin mallaka sun shimfiɗa shi domin kwashe gyaɗa da fatu zuwa Legas, amma manomi ma ya amfana, don tasha ta kusanto gonarsa, masu saye suka biyo shi har ƙauye. Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya ta gaji layin a 1955. Da fari da cuta suka karya noman gyaɗa a shekarun 1970, hankalin gwamnati kuma ya koma kan man fetur da tituna, sai layin ya durƙushe.

Wasu na cewa mota ta wadatar, tunda tana shiga inda dogo bai kai ba. Gaskiya ne, amma buhunan gero da taki kaya ne masu nauyi, kuma a doguwar tafiya jirgi ya fi araha. Tsadar jigila kan manomi take ƙarewa. Don haka sabon layin Kano zuwa Maraɗi, da zai ratsa Dambatta, ya kamata a tanadar masa tasoshin lodin amfanin gona tun yanzu.