Baƙar Fuska da Farar Riga: Koyon Ɗaukar Hoto a Zangon Kwatano

A unguwar Zango ta Kwatano, inda Hausawa da sauran Musulmi 'yan kasuwa suka daɗe da zama, yawancin masu hoto ba a aji suka koyi sana'arsu ba. Kamar ɗinki da kanikanci, iyaye ne kan kai yaro shagon maigida, ya yi shekaru yana share shago da riƙe fitila da kai wa mutane hotunansu, sa'an nan a yaye shi da biki. Akwai dai makaranta a Porto-Novo wadda Leonce Raphael Agbodjelou ya kafa, amma shi kansa a hannun mahaifinsa Joseph Moïse Agbodjelou ya koya. Ko a shago ko a aji, darasi uku ne: tsara hoto, sarrafa haske, da duba aikin da aka gama.

Tsara hoto shi ne zaɓen abin da zai shiga da inda zai tsaya. Littattafan Turai suna koyar da cewa a raba fili gida uku a tsaye, uku a kwance, a ajiye mutum gefe guda. Mai hoton Zango ba ya iya bin wannan kullum. Wanda ya ɗinka sabuwar shadda don Salla yana so ya ga kansa a tsakiya, tun daga hula har takalmi, da aikin wuyan riga da agogo duk a bayyane. A yanke masa ƙafa, an ɓata hoton. Wannan ba rashin sani ba ne. Da irin wannan tsari Seydou Keïta, wanda ya buɗe shagonsa a Bamako a 1948, ya yi suna a duniya.

Haske shi ne darasi mai wuya, kuma nan ne yara da yawa kan daɗe. Ma'aunin hasken da ke cikin kyamara an gina shi ne bisa zaton cewa duk abin da ke gabansa, in an gauraya, launin toka ne mai mayar da kimanin kashi 18 cikin 100 na hasken da ya sauka a kansa. To, ga dattijo baƙi cikin farar babbar riga da farin rawani. Farin ya cika fili, sai ma'auni ya ɗauka haske ya yi yawa, ya rage shi. Riga ta fito, fuska kuwa ta dushe, sai fararen idanu. In kuma yaro ya buɗe wa haske ƙofa da yawa don fuska ta fito, riga ta ƙone, zaren aikin da aka biya kuɗi a kansa ya ɓace. Fim ɗin da ma bai taimaka ba: katin da kamfanin Kodak ya riƙa aika wa masu wanke hoto don daidaita launi tun shekarun 1950 hoton Baturiya ne, sai a shekarun 1990 aka sa baƙar mace.

Rana ma tana da nata. Kwatano tana kusa da tsakiyar duniya, saboda haka da azahar rana kan tsaya bisa kai, inuwar hula ko rawani ta rufe idanu. Maganin da maigida kan koyar ba shi da tsada. A kai mutum inuwa, bakin zaure ko gindin bango, inda tazarar fari da baƙi ta ragu. A auna hasken daga fuska, ba daga riga ba. Yaro ɗaya ya riƙe farin ƙyalle ko kwali a ƙasa don ya mayar da haske ƙarƙashin haɓa. Fitilar kyamara kuwa, in ta bugi sabuwar shadda kai-tsaye, ƙyalli kawai za a gani, don haka akan juya ta ga rufi ko bango.

Duba aiki ba ya ɗaukar dogon bayani. A zamanin fim maigida kan ɗaga dodon hoto, wato hoton da fari da baƙi suka juye a cikinsa, ya duba ta ƙofa, ya tambaya: "Kai yaro, ina fuskar Alhaji?" Yanzu a bayan kyamara ko a kwamfuta ake dubawa, tambayar ba ta sake ba. Ɗalibin harshe zai lura da kalmomin: ana ɗaukar hoto, ana wanke shi (ko da injin yau ba ya tsoma takarda a ruwa a gaban kowa), yana fita ko ya ƙone. Hukunci na ƙarshe dai na mai hoton ne da ya zo karɓa. In ya duba ya ce "wannan ba ni ba ne", ba zai biya ba, takarda ta tafi a banza, kuma gobe shagon da ke gaba zai nufa.