Darasin tsimi da tanadi a aikin kafintocin da

A shagunan tsofaffin kafintoci akan tarar da gwangwani cike da lanƙwasassun ƙusoshi a gefen teburin aiki. Aikin farko da ake bai wa yaron shago shi ne ya ɗora su kan dutse ko guntun ƙarfe, ya riƙa miƙe su da guduma ɗaya bayan ɗaya. Wasu na ɗaukar wannan a matsayin rowa, amma a wurin masu sana'ar lissafi ne: duk abin da aka saya da kuɗi ba ya zama shara sai ya ƙare amfaninsa.

Wannan ɗabi'a ta girmi sana'ar kafinta kanta a ƙasar Hausa. Itacen gini bai taɓa yin araha a wannan yanki ba, don haka masassaƙa da magina suka san wurin da ya dace da kowane icce. Ƙirya, saboda taurinta, ita ake nema domin turmi da taɓarya. Maɗaci ya yi suna wajen ƙarko da kyan launi. Azara kuwa daga giginya ake tsaga ta, kuma gara ba ta cika cinta ba. Shi ya sa idan tsohon soro ya rushe, akan zaƙulo azarorinsa a sake rufa wani ɗakin da su.

Azara ba ta ɗaukar nauyin rufin ƙasa idan tazarar ta kai mita 2. Maimakon neman dogayen itatuwa daga nesa, sai magina suka riƙa jera gajeru, wata na hawa kan wata, su ɗaure su, su lulluɓe da ƙasa har su fitar da bakan gizo. Da wannan dabara Babban Gwani Muhammadu Durugu ya gina Masallacin Juma'a na Zariya a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarim, wanda ya yi mulki daga 1834 zuwa 1846.

Da zarto da falanki suka yaɗu a zamanin Turawa, kafintoci sun gaji wannan tunani. Babbar ƙa'idarsu ita ce kada a yi aiki da ɗanyen katako. Sukan jera falankai a inuwa, su sa ƙananan sanduna a tsakaninsu domin iska ta ratsa, su bar su watanni. Dalili shi ne katako yana tsukewa yayin da yake bushewa. Ƙyauren da aka haɗa da ɗanyen katako da damina, hunturu na shigowa zai tsage ko ya karkace.

Ƙa'ida ta biyu ta shafi haɗi. Maimakon dogaro da ƙusa kaɗai, sukan huda rami a ƙafar kujera, su fere bakin ɗaya katakon daidai ramin, su cusa shi, sannan su buga ɗan turken icce ya riƙe. Irin wannan kujera ko ta yi sako-sako ana iya kwance ta a gyara. Guntaye ma ba sa zuwa juji: babba ya zama kujerar tsugunno, ƙarami ya zama marfin akwati ko abin tokare ƙofa, garin katakon kuma ya tafi murhu.

A yau yawancin gadaje da kabad-kabad da ake jerawa a ɗakin amarya ko a ofisoshi an yi su ne da allunan da aka matse garin katako da gam. Suna da sheƙi, kuma ana gama su da sauri. Sai dai ruwa na taɓa su suke kumbura, kuma inda noti ya taɓa fita ba ya sake kamawa da kyau. Ma'aikacin da ake yi wa sauyin wurin aiki, ko ɗan kasuwar da ke zaman haya, shi ya fi sanin haka, domin da wuya kayan su jure ƙaura biyu ko uku. Hausawa dai sun ce araha ba ta ado.

Asarar ta wuce aljihu. Sarar maɗobiya da aka yi a dazukan Taraba domin fitarwa zuwa China ta yi tsanani, kuma tun 2017 itacen yana cikin jerin waɗanda yarjejeniyar CITES ta taƙaita cinikinsu a duniya. Duk kayan da ya lalace da wuri, wata bishiyar ce za ta biya.

Mai saye yana da abin yi. Kafin ya biya, ya tambayi sunan katakon da tsawon lokacin da ya yi yana bushewa, ya leƙa bayan kabad da ƙarƙashin gado ya ga yadda aka haɗa su. Kafin kuma ya jefar da tsohon gadon iyayensa, ya fara nuna wa kafinta, domin sau da yawa katakon da ke jikinsa ya fi wanda ake sayarwa yanzu a kasuwa.